Ɗana ya sa hoton Hitila a fuskar wayarsa, me zan ce masa?

Maman_Khalifa
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun daren jiya hankalina bai kwanta ba. Ɗana na biyu, Khalifa, shekararsa 13, babansa ya bar masa tsohuwar wayarsa saboda aikin makaranta. Jiya na karɓa zan kira ƙanwata, sai na ga hoton wani Bature mai ɗan guntun gashin baki a fuskar wayar. Na ce wane ne wannan? Ya ce wai Hitila ne, gwarzon da ya gane Yahudawa tun kafin kowa ya gane su. Ya buɗe min wata manhaja ta gajerun bidiyo, ya nuna min sun fi ashirin, wasu da Turanci, wasu an ɗora musu Hausa da kiɗa. Wani yana cewa ba a kashe Bayahude ko ɗaya ba, ƙarya aka shirya. Na gaba da shi yana cewa an kashe su, da ma an ƙarasa. Yaron ya gaskata duka biyun a lokaci guda, bai ma lura ɗaya yana ƙaryata ɗaya ba.

Ni jinya na karanta, ban san tarihin nan ba. Zuciyata tana tare da Falasɗinawa, a gabansa nake kuka idan na ga gawarwakin yaran Gaza, kuma na san daga nan abin ya samo shi. Amma jikina ya ba ni cewa yaro ya riƙa yabon kisan jama'a ba alheri ba ne. Don Allah masu sani, me ya faru a gaskiya? Kuma ta ina zan ɓullo masa?

Abu_Sumayya
Wa alaikumus salam. Hajiya, karɓe wayar kawai. Me ɗan shekara 13 zai yi da babbar waya? Nawa ba mai taɓawa sai ya gama sakandare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dan_Kurmi
Ni ban ga abin tashin hankali ba. Yaro ya ga ana ruguza asibitoci a kan marasa lafiya, ana zaƙulo jarirai daga ɓaraguzai, sai ku ce kada ya ji haushi? Shekara tamanin ana ba duniya labarin wahalar mutane ɗaya. Wa ya ba mu labarin Falasɗinawa fiye da 700,000 da aka raba da gidajensu a 1948? Ku bar yaro da kishinsa.

Malam_Tarihi
Maman Khalifa, sannu da ƙoƙari. Shekara 22 ina koyar da tarihi, ga abin da yake tabbatacce. Hitila ya hau mulkin Jamus a 1933. A 1935 aka yi dokokin Nuremberg, aka cire Yahudawa daga zama 'yan ƙasa, aka haramta auratayya da su. A daren 9 ga Nuwamba 1938 aka bi wuraren ibadarsu da shagunansu da wuta a faɗin ƙasar. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke aka tattara Yahudawan ƙasar Folan cikin unguwanni masu katanga, ta birnin Warso kaɗai an cusa mutum fiye da 400,000, yunwa da zazzaɓi suna ɗibarsu kullum. Daga 1941 aka shiga harbi a bakin ramuka, daga baya aka gina sansanoni na kisa da iskar gas, irin su Treblinka da Sobibor da Auschwitz. Kafin 1945 an kashe Yahudawa kusan miliyan 6, a cikinsu yara wajen miliyan ɗaya da rabi.

Abin da ya fi dacewa da matsalarki shi ne yadda aka soma. Ba da bindiga aka fara ba, da yara aka fara. Akwai wani ɗan jarida, Julius Streicher, wanda kamfaninsa ya buga wa 'yan makaranta littafi mai hotuna a 1938, yana kwatanta Bayahude da naman kaza mai guba da ke ɓuya cikin mai kyau. Zane mai launi, gajerun jimloli, abin dariya. Wanda ya karanta shi yana ɗan shekara 12, kafin yaƙi ya ƙare ya isa ɗaukar bindiga. Kotun Nuremberg, wadda ta yi wa manyan mutanen Hitila shari'a bayan yaƙi, ta yanke wa Streicher hukuncin rataya a 1946, ba don ya jagoranci runduna ba, don abin da ya shekara yana rubutawa. Bidiyon da ɗanki ya nuna miki jikokin wancan littafin ne.

Dan Kurmi, labarin 1948 gaskiya ne, ina koyar da shi, kuma zaluncin da ake yi a Gaza ba ya buƙatar a ƙaryata wani tarihi kafin ya zama zalunci. Yarinyar da aka kashe a Folan a 1942 ba ta ƙwace gonar kowa ba, ƙasar Isra'ila ma ba a kafa ta ba sai bayan shekara shida.

Dan_Kurmi
Malam, da girmanka, amma wa ya ƙirga miliyan shidan? Ba waɗanda suka ci yaƙi ne suka rubuta tarihin ba?

Bako_a_Balin
Dan Kurmi, ni ma da irin wannan tambayar na zo Jamus karatu, don haka ba zan zarge ka ba. Abin da ya sauya min tunani shi ne, mafi yawan shaidar makasan ne suka rubuta da hannunsu. Jamusawa mutane ne masu son takarda. Akwai rahoton da rundunarsu ta aika Balin cewa a Babi Yar, kusa da Kiyef, sun harbe mutum 33,771 a kwana biyu, 29 da 30 ga Satumba 1941. Ka dubi lambar, har da ɗayan ƙarshe. Akwai takardar taron Wannsee na 20 ga Janairu 1942, inda manyan jami'an Hitila suka tsara yadda za a kawar da Yahudawa, aka jera ƙasashen Turai da adadin Yahudawan kowace. Kwamandan Auschwitz, Rudolf Höss, ya ba da shaida da bakinsa a 1946. A garin Bad Arolsen akwai ma'ajiyar takardu wajen miliyan 30 da suka shafi mutane fiye da miliyan 17.

Sannan a titin da nake zaune akwai wasu ƙananan faranti na tagulla da aka dasa a daɓen ƙofar gidaje, kowane ɗauke da suna, shekarar haihuwa, ranar da aka tafi da mutum da inda ya mutu. Na ƙofar gidanmu guda huɗu ne, uba, uwa da yara biyu. Ƙaramin bai kai Khalifa ba. Kullum sai na tsallaka su in na fita. Cikin masu biyan kuɗin dasa su har da jikokin waɗanda suka aikata abin. Al'umma ba ta ɗora wa kakanninta irin wannan laifi don ƙarya. A nan musanta kisan laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa.

Ummu_Hanif
'Yar'uwa, ki fara masa ta inda ya sani. Allah ya ce a Suratul Ma'ida kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci. An wuce da gawa ta gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye. Aka ce masa ai ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ce? Yana cikin Bukhari da Muslim. Ya je duba yaron Bayahude da ke masa hidima da ya kwanta ciwo. Kuma ko a fagen yaƙi ya hana kashe mata da yara. To wanda ya cusa jarirai ɗakin guba, ta wace ƙofa zai zama gwarzon ɗan Musulmi?

Mu ma iyaye mu duba bakinmu. Yaro ya yi rowa mu ce kai Bayahude ne, ya yi taurin kai mu ce ɗan Yahudu. Waya ta tarar da gona a share ne, ta yi shuka.

Dan_Damagaram
Hajiya, ki gaya mishi abin da Hitila ya ɗauki baƙar fata. A lakwal an koya muna labarin sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta kwasa zuwa yaƙin. A watan Yuni 1940, a Chasselay kusa da Liyon, Jamusawa sun ware baƙaƙen fursunoni daga farare suka kashe su, maƙabartarsu na nan har yau. A 1937 kuma sun yi wa ɗaruruwan yara 'yan Jamus da iyayensu maza baƙaƙe ne aikin hana haihuwa da ƙarfi. In da Khalifa ya rayu a can, shi kanshi bai tsira ba.

Amma ina da tambaya ga Malam Tarihi. Na ji ana cewa Shehu Magili da ya zo Kano shi ma ya kori Yahudawa. To ashe abin yana cikin tarihinmu?

Malam_Tarihi
Dan Damagaram, ka taɓo wuri mai nauyi. Haka ne, Muhammad bn Abdulkarim al-Maghili ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit a yankin Tuwat, kudancin Aljeriya ta yau, a ƙarshen ƙarni na 15, kafin zuwansa Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Amma ba a taru an goya masa baya ba. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa, aka yi ta aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis tambaya, fatawoyi suka rabu. Muna girmama Shehu kan abin da ya rubuta na tsarin mulki, wannan kuma ba ya hana a faɗi abin da ya faru.

A daidai wannan zamanin, 1492, sarakunan Sifen suka kori Yahudawa baki ɗaya, Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Bayazid na Biyu ya buɗe musu ƙofa, suka cika Salonika da Istanbul. Kafin nan babban malaminsu Musa bn Maimun, haifaffen Kurɗuba, da Larabci ya yi yawancin rubutunsa, kuma likita ne a fadar Alƙahira zamanin Salahuddin da ɗansa, ya rasu a 1204. A lokacin Hitila ma, Albaniya mai rinjayen Musulmi ta fito daga yaƙin da Yahudawa fiye da waɗanda ta shiga da su, don mutanen ƙauye sun ɓoye baƙi a gidajensu. Wani likita ɗan Masar a Balin, Mohamed Helmy, ya ɓoye wata budurwa Bayahudiya har yaƙi ya ƙare. Zaman ya yi daɗi a wani wuri, ya yi ɗaci a wani. Bidiyon daƙiƙa talatin ba ya ɗaukar wannan.

Lauya_Binta
Bari in sa baki ta ɓangarena, musamman ga Yaya Dan Kurmi. Kalmar da ake amfani da ita kan Gaza, kisan ƙare dangi, a matsayin laifi a dokar duniya, wani lauya Bayahude ɗan Folan ne ya ƙirƙiro ta, Raphael Lemkin, a 1944. Danginsa 49 aka kashe. Tun yana ɗalibi abin da ya dame shi shi ne kisan Armeniyawa: me ya sa wanda ya kashe mutum ɗaya ake hukunta shi, wanda ya kashe al'umma guda ba dokar da ta kama shi? Ya yi ta bin wakilan ƙasashe har Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ranar 9 ga Disamba 1948. Washegari, 10 ga wata, aka amince da sanarwar haƙƙin ɗan Adam. Cikin waɗanda suka tsara ta akwai René Cassin, Bayahude ɗan Faransa, tare da Eleanor Roosevelt ta Amurka, Charles Malik na Labanan da Peng Chun Chang na Sin.

Yanzu ka duba wa ya ɗauki makamin. A Nuwamba 2019 Gambiya ta kai Myanmar ƙara Kotun Duniya da ke Heg saboda Musulmin Rohingya, da yarjejeniyar Lemkin. Ranar 29 ga Disamba 2023 Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila ƙara a kotun nan kan Gaza, da wannan yarjejeniyar dai. Jamus ta amsa a 2021 cewa abin da ta yi wa Herero da Nama a Namibiya daga 1904 zuwa 1908 kisan ƙare dangi ne. Duk wanda ya koya wa yaro cewa kisan Yahudawa ƙarya ne, ko kuwa daidai ne, yana sare reshen da Bafalasɗine ke zaune a kai. In ya halatta a shafe wata al'umma saboda abin da ake zarginta da shi, kowane azzalumi yana da nasa zargin a aljihu.

Kuma a bambance Bayahude da gwamnatin Isra'ila. Ƙungiyar B'Tselem ta 'yan Isra'ila ce, ta shekara da shekaru tana tattara shaidar cin zarafin Falasɗinawa. A Amurka an kama Yahudawa da yawa a zanga-zangar neman tsagaita wuta.

Dan_Kurmi
Barista, na ji, kuma ban san zancen Lemkin ba, na ƙaru. Amma kotun ta ba da umarni tun Janairu 2024, bam nawa ya fasa faɗuwa? A 1948 da suke sa hannu, mu muna ƙarƙashin Ingila, su Dan Damagaram suna ƙarƙashin Faransa, ba wanda ya tambaye mu. Haƙƙin ɗan Adam ɗin nan in ya zo kan mai ƙarfi sai ya koma takarda. Yaran yanzu suna gani da idonsu a waya, shi ya sa ba su yarda da shi ba.

Lauya_Binta
Ban musa maka ba. Daga Afirka, Masar da Habasha da Laberiya ne kaɗai suka jefa ƙuri'ar amincewa da sanarwar haƙƙin ɗan Adam, gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta ƙaurace. Kuma abin da ka faɗa na ƙarshe shi ne babban tsorona. In tsarar su Khalifa ta tashi da yaƙinin cewa doka wasan yara ce, nan da shekara ashirin su ne alƙalai da sojoji da 'yan majalisa. Ni dai ban ga abin da za mu riƙe ba in muka yar da takardar. Da hanau gara mannau.

Anti_Malama
Ina ta karantawa shiru, amma tun da maganar yara ake, ba zan iya wuce Janusz Korczak ba. Na san shi ne a wani kwas na malaman firamare, kuma tun ranar yake raina.

Likitan yara ne Bayahude a Warso, sunansa na yanka Henryk Goldszmit. A 1912 ya ajiye aikin asibiti ya karɓi gidan marayu tare da wata mata, Stefania Wilczyńska. A gidan yara suna da majalisarsu da kotunsu, yaro yana iya kai malami ƙara, shi kansa likitan an gurfanar da shi ba sau ɗaya ba. A 1926 ya kafa jarida wadda yara ne ke rubuta ta, su aiko da wasiƙa kan abin da ya dame su a buga. Ra'ayinsa shi ne yaro ba mutumin gobe ba ne, mutum ne tun yau, yana da haƙƙin a girmama shi a kuma saurare shi.

Da aka killace Yahudawa aka mayar da gidan marayun cikin katanga, ya riƙa yawo gida gida yana roƙon abin da yaran za su ci. An yi masa tayin hanyar tsira ya ƙi. A farkon Agusta 1942 aka zo kwashe yaran, kusan 200. Ya sa suka yi ado da kayansu mafi kyau, ya shige gaba, suka taka zuwa tashar jirgin ƙasa shi da Stefania da sauran ma'aikata. Treblinka aka kai su, ba wanda ya dawo.

Ƙasarsa Folan ce ta kawo shawarar yarjejeniyar haƙƙin yara a 1978, aka amince da ita ranar 20 ga Nuwamba 1989. Nijar ta rattaba hannu ta tabbatar a 1990, Najeriya a 1991, daga nan aka samo dokar haƙƙin yara ta 2003. Maman Khalifa, in ni ce, labarin wannan mutumin zan ba shi, in ce ga mutum biyu a zamani ɗaya, ɗaya ya aika da jirgin, ɗaya ya riƙe hannun marayu ya shiga. Sai in yi shiru in ji abin da zai ce. Abu Sumayya, ka yi haƙuri, karɓe waya ba tare da an ji ta bakinsa ba zai rufe baki ne kawai, zancen yana nan a ciki.

Injiniya_Sadik
Ni aikin manhaja nake yi, bari in faɗi yadda bidiyo ashirin suka taru a wayar yaro. Bai neme su ba. Manhajar tana auna daƙiƙa nawa ya tsaya a kan kowane bidiyo, wanne ya maimaita, wanne ya tura wa aboki. Ya tsaya kan yaran Gaza saboda tausayi, sai ta kawo masa mai zafi kaɗan, ya tsaya, ta ƙara. Ba ruwanta da gaskiya ko ƙarya, abin da zai riƙe ido take nema domin a nan talla take. Fushi kuwa ya fi komai riƙe ido. Facebook da kansa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana a yi amfani da shi a tunzura jama'a a Myanmar, kuma sai Oktoba 2020 ya haramta musanta kisan Yahudawa. Na sha kai rahoton bidiyon ƙiyayya na Hausa a wata manhaja, amsa ɗaya ce, wai bai saɓa ƙa'ida ba. Ina zaton ba wanda ya ji abin da aka faɗa a ciki.

Akwai kuma ɓangaren da ba mu taɓo ba. Kafin yaƙi Holan tana da rajistar jama'a mai tsari ƙwarai, har da addinin kowa, don gudanar da mulki aka yi ta, ba don cuta ba. Da Jamus ta mamaye ƙasar a 1940 ta tarar da aiki a gama. Cikin Yahudawa wajen 140,000 an kashe fiye da 100,000, kusan kashi uku cikin huɗu, alhali a Faransa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne. Ba rajista kaɗai ta jawo ba, amma ta taimaka, har 'yan gwagwarmaya suka kai wa ofishin rajistar Amstadam hari da wuta a Maris 1943. Wancan kati ne a cikin durowa. Yau wayar Khalifa ta san fuskarsa, muryarsa, unguwarsu, masallacin da yake zuwa da abin da ke ba shi haushi. Mu kuma muna ɗora hoton jariri tun ranar suna da cikakken sunansa. Wa ya san hannun da wannan zai faɗa nan da shekara talatin? Kwamitin haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da bayani a 2021 cewa haƙƙoƙin yaro suna bin sa har cikin intanet, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta ce sai da izinin iyaye za a sarrafa bayanan yaro. Aiwatarwa ce ta rage.

Abu_Sumayya
To kun gani. Anti Malama, ba ni kaɗai ba ne ai. Ostireliya guda ta yi doka a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a kafafen sada zumunta, ta fara aiki Disamba 2025. Su da suka ci gaba sun karɓe, sai mu?

Matashi_19
Iyayena ku yi min afuwa in sa baki. Ina ɗan shekara 12 na buɗe shafi, shekarar haihuwar yayana na sa. An karɓe min waya sau uku, ina kallo a ta abokai a makaranta. Ni ma na taɓa tura irin waɗannan hotunan, a rukunin ajinmu abin dariya ne, wanda ya fi turo mai zafi shi ne gwani. Wallahi ban san ko a wace nahiya Folan take ba a lokacin. Ba duka ne ya sa na daina ba. Wani ƙanin babana ne ya zauna da ni ya ce in nuna masa, ya kalla har ƙarshe bai zage ni ba, sai ya ce wa ya yi bidiyon, me zai samu in na yarda? Na kasa amsawa. Kuma a wannan wayar dai na koyi gyaran sola da nake ci da shi yanzu. A makaranta ba a taɓa koya mana yaƙin duniya na biyu ba ko sau ɗaya.

'Yar_Jos
Ni abin bai yi min nisa kamar Turai ba. A Yunin 2018 da aka yi rikicin Barikin Ladi, hotuna sun yi ta yawo a waya ana cewa ga abin da aka yi wa mutanenmu, daga baya bincike ya nuna wasu ba a Najeriya ma aka ɗauke su ba. Kafin a gane, an tare hanya, an kashe matafiya da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ƙanena yana cikin masu turawa, yana ɗan sakandare, gani yake taimako yake yi. A Ruwanda a 1994 rediyo ce ta yi ta kiran Tutsi kyankyasai. Yanzu kowane yaro da rediyonsa a aljihu.

Amma a wannan rikicin dai Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Da Anti Malama take ba da labarin likitan nan, shi ya faɗo min a rai.

Malam_Tarihi
Matashi, maganarka ta ƙarshe ta soke ni, don gaskiya ce. An shekara da yawa tarihi ba ya cikin darussan firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya. Kakannin wasunku sun yi yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, ba ku sani ba.

Maman_Khalifa
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Bayan isha'i na kira shi ɗaki, na yi yadda Matashi ya ce, muka kalli guda uku tare. Na tambaye shi, an kashe su ne ko ba a kashe ba, tun da wannan ya ce haka wancan ya ce haka? Ya yi shiru. Na ba shi labarin likitan marayu, na karanta masa abin da Dan Damagaram ya rubuta kan baƙaƙen sojoji. Nan ne fuskarsa ta sauya, ya ce Umma da gaske? Da kansa ya cire hoton, ya mayar da na ƙwallo.

Amma ban ce an gama ba. Ya tambaye ni, to in an yi musu haka, me ya sa suke yi wa wasu? Na ce masa ba yaran da aka kashe ne suke yi ba, gwamnati ce da sojojinta, kuma akwai Yahudawan da ke adawa da abin. Ya ce to wa zai hana? Nan na rasa amsa, na ce ya bari sai babansa ya dawo. Wayar kuma mun yi yarjejeniya, ƙarfe tara tana ɗakina, kuma babansa zai sa mata manhajar sa ido ta iyaye. Ya roƙi kada mu karanta hirarsa da abokai. Ban ba shi amsa ba tukuna.

Dan_Kurmi
Hajiya, tambayar ɗanki ita ce tawa, kuma har yanzu ba wanda ya amsa ta a nan. Hoton dai gara da ya cire, wannan na yarda. Bako a Balin, in ka fita gobe ka ɗauko min hoton farantan nan na ƙofar gidanku, ina so in gani.

Abu_Sumayya
Ki karanta hirar, Hajiya. Amana ce a wuyanki.

Anti_Malama
Kada ki karanta a ɓoye. In za ki duba, ki gaya masa tukuna, ku duba tare yana zaune. Injiniya, wannan manhajar sa idon tana aiki a tsohuwar waya kuwa? Iyayen ajina uku sun tambaye ni a makon nan.